Yinin Ɗan Aikin Sa Kai a Ƙauye

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, da yawa cikinmu za a aika da mu ƙauyukan da ba mu taɓa gani ba, watakila ma inda ba a jin harshenmu. Saboda haka na ga ya kyautu in bayyana muku yadda waɗansu samari da 'yammata suka yi irin wannan zama a ƙasar da ba tasu ba, ko ma sami abin koyi.

Cikin shekarar 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa ƙungiyar Peace Corps, watau ta masu ba da kansu su yi aikin taimako a ƙasashen waje. A 1962 suka fara zuwa Nijar, suka yi ta zuwa har watan Janairu na 2011, sa'ad da aka janye su don rashin tsaro. Kowanne ya kan yi shekara 2 a wurin aikinsa. Amma kafin nan sai an hore shi wajen wata 3. A shekarun ƙarshe a Hamdallaye a ke yin horon, kusa da Yamai, inda baƙo ya kan zauna gidan mutanen gari, ya koyi Hausa ko Zabarmanci, har a raɗa masa sunan ƙasar.

To, yaya yininsa ya ke? Da asuba kiran salla da ƙarar turmi su ne agogonsa. Abu na fari shi ne ruwa. A jawo daga rijiya, sa'an nan ya tace ko ya tafasa, gama cikinsa bai saba ba. Daga nan ya bi gida gida yana gaisuwa, ya fara da mai gari. Ina kwana, ina gajiya, ina gida. Wanda ya tsallake wannan ba mai sauraronsa. Da hantsi ya tafi makaranta, ko asibiti, ko lambu. Da rana ta take sai kowa ya nemi inuwa, musamman a watan Afrilu da Mayu. Da almuru ya ci tuwon gero tare da maƙwabta, ya kwanta a tsakar gida cikin gidan sauro. Ranar kasuwa kuwa ita ce ranar sayayya da jin labari.

Kun ga aikin da ya zo dominsa bai cinye rabin yinin ba. Sauran duk zama da mutane ne, a nan kuwa a ke auna shi. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa daga cikinsu, tana horo a Ibadan, ta rubuta wasiƙa a kati tana kushe zaman mutanenmu. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, suka yi fushi ƙwarai, har ta bar Nijeriya. Kalmomi kaɗan suka ɓata niyya mai kyau.

Ni dai abin da na ɗauka ke nan: malami baƙo ya fara zama almajirin gari kafin ya zama malamin 'ya'yansu. Ya koyi gaisuwarsu, ya ci abincinsu, ya tsare bakinsa da alƙalaminsa. Uban da ba ka gaishe shi ba da wuya ya ba ka ɗansa. Allah ya sa mu gane.