Kayan Wasan Hunturu: Zaren Dambe da Warkin Kokawa

A ƙasashen Turai, inda dusar ƙanƙara kan rufe duwatsu, har aka kafa wa wasannin lokacin sanyi gasar duniya a garin Chamonix na Faransa a shekarar 1924, masu sulu a kan ƙanƙara sukan shafa wa allunan ƙafarsu kakin zuma ko makamancinsa, su wasa bakinsu da hannunsu. Mu a Tafoki da maƙwabtanta na ƙasashen Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, hunturunmu iska ce da hazo, wasanninsa kuwa dambe da kokawa da langa, waɗanda kan tashi idan an kai dawa rumbu, an tsince auduga.

Ɗan dambe, wanda galibi a da daga gidan mahauta yake fitowa, yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle tukuna, sa'an nan ya bi shi da zaren auduga murɗaɗɗe, zagaye bisa zagaye tun daga wuyan hannu, domin naɗin da ya yi sako-sako zai warware kafin a gama turmi uku, wanda ya matse ƙwarai kuma ya tsayar da jini har yatsu su mutu. Bayan wasa wajibi ne a kwance zaren a wanke, a shanya a rana, gama gumi da jini su ne ke ruɓar da shi. Cusa wani abu mai kaifi a ciki kuwa zalunci ne, babu wani malami da zai halatta shi.

Amma hikimar da ta fi burge ni tana ga warkin ɗan kokawa. Fatar akuya, bayan majemi ya tuge gashinta da ruwan toka, yakan jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa, wanda ɗacinsa ke kama zaruruwan fata ya hana ta ruɓa. Sai dai iskar hunturu, saboda tsananin bushewarta, takan zuƙe laimar da ke tsakanin zaruruwan nan, su daina gogar juna cikin sauƙi, fatar ta ƙandare ta tsage. Maganin shi ne man kaɗanya ko man shanu kaɗan, a murza da tafin hannu har ya shige, a rataye a inuwa, nesa da wutar jin ɗumi, wadda illarta ga fata ta fi ta iskar.

Abin takaici, rashin tsaro ya rage taron dandali da dare a wannan yanki, alhali a nan ne yaro kan zauna kusa da wansa ya ga yadda ake naɗin zaren dambe.