Shaidar da Ke Tsufa a Ɗakin Ajiya

Idan aka yi wa mutumin Bugaje, ta ƙaramar hukumar Jibiya, tiyata a Katsina, akan jiƙa tsokar da aka cire a ruwan fomalin, a daskarar da ita cikin kaki, a adana. Siffarta takan shekara da shekaru, amma ƙwayoyin gadon da ke cikinta, wato DNA, kullum lalacewa suke yi. Fomalin yana kakkarya su, zafi da laima kuma suna gaggauta ɓarnar.

Mun ga yadda haƙƙi ke rataya a kan irin wannan shaida a Kano. Bayan Pfizer ya gwada maganin Trovan a annobar sanƙarau ta 1996, an yi sulhu a 2009, aka sharɗanta gwajin DNA kafin biyan diyya. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi tasu.

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta dogaro da gwajin idan nasaba ta rikice, amma ta hana a kore nasaba tabbatacciya da shi.

Lallai mu bambance tsakanin samfurin da ya ƙaryata mai da'awa da wanda tsufa ya hana shi magana. Na biyun ba hujja ba ne a kan kowa, don haka sai alƙali ya koma ga shaidu da takardu. Ajiyar tsokar majinyaci kuwa amana ce. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.