Me Ya Sa Ake Sauya wa Mazda MX-5 Inji?

A 1989 kamfanin Mazda na Japan ya fito da MX-5, ƙaramar mota mai kujeru biyu da ake naɗe rufinta. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, injinta mai silinda huɗu ne.

A Amurka, wasu masu sha'awar motoci kan sayi ta hannu, su cire injin su dasa injin V8 na Chevrolet. Ƙarfi yakan ninka sau uku, amma dole a sauya giyabos, birki da lagireto, kuɗin aikin kuma yakan zarce farashin motar. Wasu na cewa daɗinta shi ne sauƙin sarrafawa a kwana, ba gudu ba, kuma ina tare da su.

Mai son sayen ta hannu dai ya fara duba tsatsa a ƙasan ƙofofi da yoyon rufi.