Waken soya: me ya sa taki kaɗai ba ya isa a jar ƙasa?

Manoma da dama a yankin Ngaundere na ƙasar Kamaru kan zuba takin zamani a gonar waken soya, amma a ƙarshen damina girbin bai biya kuɗin takin ba. Sau da yawa matsalar tana cikin ƙasar ne. Jar ƙasar tudun Adamawa tana da tsami, domin ruwan sama mai yawa ya daɗe yana wanke mata sinadaran kalsiyam da maganiziyam.

Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin pH. Waken soya ya fi son tsakanin 6 da 7. Idan ya faɗi ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam yakan narke ya hana saiwa miƙewa, ya kuma riƙe fosfaras ɗin da aka zuba, shuka ba ta samu ba. Manomi ya biya, ƙasa ta ɓoye.

A nan ne garin farar ƙasa na noma, wanda ake kira chaux agricole da Faransanci, yake da amfani. Aikinsa rage tsami ne, kuma ba ya sauri: sai an cuɗa shi da ƙasa makonni kafin shuka. Tokar murhu ma tana yin irin wannan aikin, sai dai ba ta isar babbar gona. A ƙasa mai yashi kuwa, yawansa yakan hana shuka samun zinki, don haka a fara auna ƙasar tukuna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yi wa soya irin takin masara. Wannan wake yana samar wa kansa naitirojin ta hanyar ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin ƙulle-ƙullen saiwarsa. Yuriya mai yawa tana rage musu aiki, kuɗinta kuma ya tafi a banza. Fosfaras ya fi buƙata, irin na takin SSP ko TSP. Mai son tabbatarwa ya tuge tushe ɗaya lokacin fure, ya fasa ƙullin: idan cikinsa ja-ja ne, yana aiki.

Takin gargajiya da ya ruɓe sosai ba shi da ƙarfin na buhu, amma yana riƙe danshi, yana sakin abinci sannu a hankali, yana kuma rage illar alminiyam. Wanda kuɗinsa bai kai na farar ƙasa ba, gara ya haɗa kashin dabbobi ruɓaɓɓe da ɗan fosfaras a layin shuka, da ya watsa buhun NPK a gona duka.