Tsakanin Gaskiya da Jita-jita a Kasuwar Wasannin Kwamfuta

Tun sa'ad da kamfanin Valve na ƙasar Amurka ya buɗe kasuwarsa ta intanet mai suna Steam a shekarar 2003, kana ya wajabta wa duk mai son buga wasan Half-Life 2 a shekarar da ta biyo baya ya shiga ta wannan ƙofa, cinikin wasannin kwamfuta ya soma ƙaura daga kantunan faifai zuwa intanet, har ya zamanto a yau galibin masu wasa ba sa riƙe abin da suka saya a hannu, sai dai su biya kuɗi su sauke shi a kwamfuta. To, da yake ciniki ne wanda hannu ba ya taɓa hajarsa, jita-jita ta sami gindin zama a cikinsa. Malamai kuwa sun hore mu da tabbatar da labari kafin yaɗa shi, don kada a zalunci wani bisa jahilci, ko da wanda ake maganarsa kamfani ne mai tarin dukiya. Saboda haka na ga ya dace in ɗauki maganganun nan ɗaya bayan ɗaya, in ɗora kowace a kan ma'auni.

Magana ta farko, wadda ita ce uwar sauran, cewa ake yi wasan da mutum ya biya kuɗinsa a Steam ba nasa ba ne. Wannan gaskiya ce, kuma kamfanin bai ɓoye ta ba, domin tana rubuce cikin sharuɗɗan da kowa yake amincewa da su ranar buɗe asusu, sai dai ƙalilan ne suke karantawa. Abin da ake ba mai saye lasisi ne, watau izinin amfani da wasan bisa ƙa'idodin mai shi. Masana fiƙihu sun daɗe da rarrabe bai'i, wanda yake mayar da zatin abu hannun mai saye har ya iya sayarwa ko kyautarwa ko barinsa ga magada, da ijara, wadda amfani kaɗai take bayarwa. Cinikin nan kuwa, ko da yake sau ɗaya ake biya kuma ba a yanka masa wa'adi, ya fi kusa da na biyun. Shi ya sa ba a sayar wa wani wasan da aka gama da shi kamar yadda ake yi da faifai, kuma a ƙa'idar Valve asusu ba ya shiga cikin gado. Wata ƙungiyar kare masu saye a Faransa ta kai ƙara kan haƙƙin sake sayarwa, ta yi nasara a 2019, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2022. A jihar Kalifoniya kuwa an sa hannu kan wata doka a 2024 da ta hana amfani da lafazin saye a irin wannan ciniki sai an bayyana wa mutum cewa lasisi yake karɓa, kuma a shekarar 2024 ɗin ce Steam ta soma rubuta hakan a wurin biyan kuɗi.

Daga nan ne magana ta biyu ta tsiro, cewa kowace rana mutum zai iya wayi gari ya tarar an kwashe masa wasanninsa duka. A nan akwai asali na gaskiya, akwai kuma ƙari mai yawa. Asalin shi ne abin da ya sami wasan tseren motoci mai suna The Crew, wanda kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2014, ya daina sayarwa a watan Disamba na 2023, ya kashe manyan kwamfutocin da suke riƙe da shi a ƙarshen Maris na 2024, sai wasan ya mutu a hannun duk wanda ya biya, saboda an gina shi ta yadda ba ya tashi sai da intanet. Ɓacin ran da wannan ya haifar ne ya sa wani mai suna Ross Scott ya kafa gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta tara sa hannu fiye da miliyan 1 a 2025. Amma fa daina sayar da wasa daban, kashe shi daban. Wasanni da dama an cire su daga kasuwar Steam saboda ƙarewar yarjejeniyar waƙoƙi ko motocin da ke cikinsu, kuma bisa al'ada wanda ya riga ya saya yana ci gaba da saukewa yana bugawa. Hatsarin ya fi ƙarfi a kan wasan da rayuwarsa ta rataya ga kwamfutocin kamfani. Wanda yake son natsuwa kuwa akwai kasuwar GOG, wadda kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya kafa a 2008, inda ake ba mutum wasan ba tare da ƙulli ba, ya sauke shi ya adana a ma'ajiyarsa, ya sa shi a kwamfuta duk lokacin da ya so ba tare da neman izinin kowa ba.

Magana ta uku ta shafi la'ada. Ana cewa Steam tana cin kashi 30 cikin 100 na kuɗin kowane wasa, kuma da za a rage wannan la'ada da farashi ya sauko. Rabin farko sahihi ne, sai dai tun ƙarshen 2018 kason yana raguwa zuwa 25 idan cinikin wasa ya haura dala miliyan 10, ya koma 20 idan ya haura miliyan 50, wanda ke nuna cewa manyan kamfanoni ne suka sami sauƙin, ƙananan masu ƙirƙira suna nan a kan 30. Rabi na biyun kuwa hujjarsa tana da rauni, domin kamfanin da ya fitar da wasan ne yake yanka farashi, dillali la'adarsa kawai yake cira. A watan Disamba na 2018 kamfanin Epic Games ya buɗe tasa kasuwar da la'adar kashi 12, amma galibin wasannin da ke kasuwannin biyu farashinsu ɗaya. Wani ƙaramin kamfani mai suna Wolfire ya kai Valve kotu a 2021 yana zargin cewa shi ne yake hana a sauƙaƙa farashi a wasu kasuwanni. Wannan da'awa ce ta mai ƙara, kuma bai halatta a ruwaito da'awa kamar hukunci ba.

Shi kansa Epic bai tsira daga bakin mutane ba, domin an yaɗa cewa mallakar ƙasar Sin ne kuma manhajarsa leƙen asiri take yi wa gwamnatin can. Abin da ya tabbata shi ne kamfanin Tencent na Sin ya sayi kusan kashi 40 na hannun jarinsa a 2012, amma rinjaye da ragama suna hannun wanda ya kafa shi, Tim Sweeney, Ba'amurke, kuma babu wanda ya kawo shaidar leƙen asirin. Zargin da yake da tushe shi ne cewa Epic ya riƙa biyan masu wasanni kuɗi don su hana Steam hajarsu na wani lokaci, kamar yadda aka janye Metro Exodus daga Steam a farkon 2019 ana saura 'yan makonni ya fito. Mai ƙin wannan ɗabi'a yana da hujjarsa, ba ya bukatar ƙarya ta taya shi.

Masu cewa kuɗi in sun shiga ba sa dawowa kuwa, labarinsu ya tsufa. Tun watan Yuni na 2015 Steam take mayar da kuɗi ga wanda ya nema cikin kwana 14 da sayen wasa muddin bai buga wasan ya kai awa 2 ba. Sai dai a sani hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta riga ta gurfanar da Valve a 2014 kan wannan batu, har kotu ta ci shi tarar dalar Ostireliya miliyan 3 a 2016, abin da yake nuna cewa haƙƙin mai saye sau da yawa sai an tsaya masa yake samuwa.

Saura maganar da ta fi cutar da mai ƙaramin ƙarfi, watau cewa lambobin buɗe wasa da ake samu da araha a wasu shafuka duk halal ne, kamfanoni ne kawai suke ɓata su don kwaɗayi. Lalle akwai dillalai masu izini waɗanda suke karɓar lambobin daga hannun kamfanonin da suka fitar da wasannin, kuma rangwamensu babu shubuha a ciki. Amma akwai kasuwannin da kowa yake kawo lambarsa ya sayar ba a san inda ya samo ta ba, wasu kuwa da katin banki na sata aka saye su. A 2020 kasuwar G2A ta yarda cewa lambobi 198 na wasan Factorio da aka sayar ta hannunta na sata ne, ta biya masu wasan dala 39,600. Idan mai katin ya farga banki ya karɓe kuɗin, asarar tana faɗawa kan kamfanin da ya fitar da wasan, shi kuma yana iya soke lambar, sai mai saye ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Wanda ya ga araha ta wuce hankali, wajibi ne ya tambayi asalinta.

Ya kai mai karatu, idan ka duba za ka ga mafi yawan ruɗanin nan daga tushe ɗaya yake, watau rashin sanin haƙiƙanin abin da ake biya wa kuɗi. Kafin ka fitar da guminka, duba ko wasan yana tashi ba tare da intanet ba, karanta sharaɗin mayar da kuɗi, ka kuma tabbata mai sayar maka yana da izinin mai haja. In labari ya zo maka game da wani kamfani, nemi shekararsa da wurinsa da hujjarsa kafin ka isar wa ɗan'uwanka, domin kuɗinka amana ne a hannunka, harshenka ma haka.