A Auna Rumbu Kafin A Sallami Mai Bashi

Jama'a, ga kaka ta kama. Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari a 'yan kwanakin nan, zai ga an jera dammunan gero a gonaki, jakuna da amalanke suna ta jigila zuwa gida, mata suna roron wake. Abin gwanin ban sha'awa. To, amma ba mai gona kaɗai ke kallon dammunan nan ba. Mai taki yana kallo, wanda ya ba da hatsi da damina yana kallo, har ɗan'uwan da ya yi lamuni sa'ad da zazzaɓi ya kwantar da yara, shi ma ya ƙidaya su tun daga bakin hanya. Saboda haka yau zan ajiye zancen iri da taki, mu yi zancen rumbu da tukunya da mai bashi, gama igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Bari in ba ku labarin wani dattijo da ke zaune a wani ƙauye kusa da Sifawa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin bashi sirri ne. Bara war haka na iske shi a zaurensa ya yi tagumi, ga rumbu biyu cike a bayansa. Na ce, "Baba, lafiya? Ai kai ne ya kamata ka yi dariya bana." Ya ce, "Malamin Gona, hatsin nan da ka gani ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni." Mutum uku ke binsa. Da muka ƙiyasta bashin duka bisa farashin kaka, sai ya kama kuɗin buhu 6 na gero. Niyyarsa ita ce ran kasuwa ya sa a sussuka, ya ɗora buhu shidan nan a mota, ya sallami kowa, ya huta da sallamar safe.

Na ce ya dakata mu yi lissafi tukuna. Na tambaye shi awo nawa a ke fitarwa kullum a gidansa, ya ce tiya ɗaya. Na roƙe shi ya aika a tambayo uwargida. Yaro ya komo ya ce, "Inna ta ce tiya ɗaya da rabi, ran da aka yi baƙi kuwa biyu." Dattijo ya yi shiru. Wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Magidanta da yawa sun san yawan dammunan da suka shiga rumbu, amma ba su san abin da ke fita ba, mai tuƙa tuwo ita ta sani. Kowane lissafi aka yi ba da ita ba, to, sai an sake shi.

Ga yadda lissafin ya tafi, akawuna su duba ko na yi kure. Su takwas ne a gidan, manya da yara. Tiya ɗaya da rabi kullum, a kwana 365, ta zama tiya 548. In mun ɗauki buhu a kan tiya 40, watau buhu 14 ke nan, saura kaɗan. Abin da ya noma, gero da dawa, muka sussuka dami uku muka auna don mu san abin da dami ɗaya ke bayarwa, sa'an nan muka ƙidaya sauran, ya kama buhu 18. Zakka ɗaya cikin goma ce ga abin da ruwan sama ya shayar, kuma malamanmu sun ce bashi ba ya kayar da zakkar hatsi, saboda haka kusan buhu 2 sun fita. Iri rabin buhu. Saura 15 da rabi. In ya ɗebi 6 ya kai kasuwa, saura 9 da rabi, watau tiya 380, abincin kwana 253. Muka ƙirga daga farkon Nuwamba, sai ga rumbu ya ƙare kafin tsakiyar Yuli.

Kowa ya san abin da Yuli ta ke a ƙasar nan. Lokacin ne ciyawa ke tseren tsawo da gero, lokacin ne kuma hatsi ya saba yin tsada. Magidancin da rumbunsa ya ƙare a watan nan hanya biyu gare shi. Ko dai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo awon yini, ciyawa ta cinye tasa, ko kuwa ya koma wurin mai hatsi ya karɓi buhu ɗaya a kan zai biya biyu da kaka. Wannan shi ne ba-da-kaka, ba kuwa sabon abu ba ne. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, ta rubuta irinsa a littafinta da ya fito a 1972, can ana ce masa falle. Hukuncinsa na bar wa malamai. Ni abin da na sani a aikina shi ne, kashi ɗaya cikin uku na bashin dattijon nan daga nan ya fito: buhu ɗaya ya ci a Agusta, biyu a ke binsa. Da ya sayar da shidan nan, da baɗi buhu huɗu zai ara, a bi shi takwas.

To, kada wani ya ce Malamin Gona ya hana biyan bashi. A'a. Mai bashi yana da hakki, wanda ya saba da taurin bashi kuwa ran da ya matsu ba mai kallonsa. Akwai darasi a shirin nan na ba manoma rance da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Waɗansu sun biya, waɗansu ambaliya ko fari ya karya su, waɗansu kuwa suka ɗauka rabon gwamnati ne. A ƙarshen 2023 bankin ya daina karɓar sababbin takardun neman irin wannan rance, ƙofa ta rufe har ga masu gaskiya. Maganata ita ce a biya, amma kada a biya da tuwon yara muddin akwai wani abin da za a biya da shi.

Sai muka jera masu bashin nan uku, muka dubi wanda nasa ke haihuwa. Na ba-da-kaka shi ne na fari, gama in aka ɗaga masa zuwa wata kaka sai ya sake ninkawa. Shi muka ba buhu 2 nan take, a gaban shaidu. Saura 13 da rabi, watau an taɓa abincin gida da ɗan abin da bai kai rabin buhu ba. Za mu komo kansa.

Na biyu mai taki, kuɗin buhu 3 ya ke bi. Dattijo yana da wake buhu 3 da ya shuka a tsakanin gero. Wake ya fi gero kuɗi, saboda haka muka ware buhu 2 don mai taki, ɗaya ya zauna a gida. Amma ba mu sayar a lokacin ba, domin kowa wake ya ke kaiwa kasuwa. Muka zuba shi a buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje. In waken ya bushe sarai, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwari su kan mutu da kansu ba tare da an sa magani ba, sai dai a tsare shi daga ɓera da ƙaya. Sa'an nan dattijo ya sa rigarsa ya tafi wurin mai taki da ƙafarsa, tun bai aiko ba, ya ce a yi masa haƙuri zuwa Fabrairu. Aka rubuta, kowa ya riƙe takarda. Ku 'yan kasuwa da ke karanta wannan fili, ku lura: manomin da ya zo da kansa ya nemi a sa masa rana, ya fi wanda ya biya ku yau ya dawo a Yuli ba ko sisi. Shi ne zai sayi takinku baɗi.

A nan sai in ja kunne. Ban ce ajiya kullum riba ce ba. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, a 2025 kuwa farashi ya faɗo, waɗanda suka tara don riba da yawa suka yi kuka. Ajiyar wata biyu ko uku don a wuce cunkoson kaka dabam, caca da kasuwa dabam. Amma hatsin ci, ko farashi ya hau ko ya sauka, tiya tana nan tiya a cikin tukunya.

Na uku ɗan'uwansa ne, kuɗin buhu 1, ba ya ƙaruwa. Shi aka ce ya jira kuɗin harawa. Harawar wake da ta gyaɗa in aka ɗaure aka ɗora a kan rufi ko a reshen itace, wajen Afrilu masu kiwo har gida su ke biyo ta. Akwai kuma jar akuya biyu a gidan, irin tamu ta Sakkwato, amma na uwargida ne, na ce kada a sa su cikin lissafi sai in ita ta ce a sa.

Yanzu saura giɓin nan na rabin buhu. Kakanninmu sun riga mu sanin maganinsa, shi ne cin rani. A ranin 1952 zuwa 1953 an tsaya a kan hanyoyi da mashigai an ƙidaya masu fita daga Lardin Sakkwato, aka sami mutum fiye da 250,000. Ba kuɗi kaɗai su ke nema ba, bakinsu su ke ɗaukewa daga kan rumbu. Ƙato ɗaya ya kan ci rubu'in tiya a yini, in ya yi kwana 90 ba ya gida ya bar wa ƙannensa tiya 22, rabin buhu ke nan har da ɗoriya. Babban ɗan dattijon bai ma yi nisa ba, wajen masu noman rani na bakin madatsar ruwa ta Shagari ya tafi, yana ban ruwan albasa, ana ci da shi, ana ba shi ɗan abin sabulu.

Sauran aiki na cikin gida ne, a nan kuwa uwargida ce malama, ni ɗalibi. Rumbu ɗaya aka liƙe da laka, aka ce ba mai buɗe shi sai an yi shuka. Gero aka fi zubawa a cikinsa, domin mai noma da fura ya ke yini. Da rani sai aka fi ƙarfi a kan dawa: tuwo da dare, ɗumame ko kunu da safe, wani lokaci hoce. Da rana kuwa, kwana biyu ko uku a mako, ba a taɓa awo ba sam, sai dankali ko rogo da ƙuli-ƙuli lokacin da su ke araha, ko kwaɗon zogale. Buhun waken nan da aka bari shi ne naman gidan, ran Juma'a da wata rana guda a mako ana dafa shi, ko a yi ɗanwake. Abu ɗaya na nace a kansa: in za a rage, a rage daga kwanon manya. Yaron da aka yaye da mace mai goyo ba a yi musu tsimi. Kunun yaro a sa masa gyaɗa ko garin wake. Tamowa in ta kama yaro, abin da za a kashe a asibiti da kwanakin aikin da za a rasa sun fi buhun da a ke tattali.

Da muka zo kan kuɗin cefane, sai na ga inda gidan ke yoyo. Ba a tuwo ba ne, a ƙananan abubuwa ne: niƙa, da ɗanɗanon miya na kanti, da man ja, da goro, da shayin safe a bakin tasha, da katin waya. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin niƙa da na mota suka tashi, ba su kuwa koma inda su ke ba. Uwargida ta shanya kuka da kuɓewa da sure tun da kaka, zogale a inuwa don kada ya koɗe, ta yanka tumatir ta yi kauɗa lokacin da ya yi banza a kasuwa da sanyi, ta koma ga daddawa. Dattijo ya ce shi goro ba ya barinsa ko za a kai shi gaban alƙali. Na ce to, a raba shi biyu. A kan haka muka shirya, ban kuwa tabbata ya cika alkawari ba.

Biki da suna su ne ba mu iya yi wa shinge ba. A watan Maris aka yi haihuwa a gidan ƙanensa, tiya goma suka fita ba shawara, ba kuwa yadda za a yi a hana. Saboda haka wanda zai yi irin wannan lissafi ya ware buhu guda tun farko don zumunci, in yana da hali.

Dattijon bai iya boko ba, amma yana rubutun ajami. A bangon zaure ya riƙa jan layi da gawayi, kowane dami aka fitar layi ɗaya, ranar Juma'a ya ƙidaya. Mai taki ya karɓi kuɗinsa a Fabrairu, ɗan'uwa ya karɓi nasa a Afrilu. An buɗe rumbu na biyu bayan shukar fari a Yuni, ya kai su har tsakiyar Satumba, sa'ad da aka fara tumu. Makon jiya na biya ta ƙauyen na iske shi yana shafe layukan bara da tsumma, zai fara na bana. Ya ce in gaya wa uwargida ta rage masa tsanani a kan goro, na ce wannan ba ya cikin aikin Malamin Gona.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan gyaran rumbu da maganin gara da ɓera.