Ƙwarewar Ma'aikatan Laburare: Inda Bincike Ya Dosa da Abin da Daura Ke Bukata

Duk wanda ya bibiyi maƙalu da kundayen digiri da ke fitowa daga sassan ilimin laburare na jami'o'in Najeriya zai ga tambaya ɗaya ta mamaye fagen: me ya kamata ma'aikacin laburare ya iya? Amsar ta sha sauyawa. A da tsara littattafai ne da rubuta katinsu, sai aka koma kan kwamfuta, sannan intanet, yau kuma ƙirƙirarriyar basira ce a bakin kowa. Wannan batu ya shafi Daura kai tsaye. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, a Disambar shekarar aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ga kuma kwalejin da ke ɗauke da sunan Dokta Yusufu Bala Usman wadda ta riga su. Kowacce na bukatar laburare da masu kula da shi, kuma za a ɗauke su aiki ne bisa ma'aunin da wannan bincike ya shimfiɗa.

Yadda akalar ta riƙa juyawa

Horar da ma'aikatan laburare a jami'a ya faro ne daga Ibadan, bayan rahoton da Harold Lancour ya rubuta wa gidauniyar Carnegie. A Arewa, rahoton F. A. Sharr na 1963 kan bukatun laburare na Jihar Arewa ne ya share fagen buɗe sashen Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1968. Bayero ta Kano ta bi sahu a 1977, Maiduguri a 1978. Gwanin wancan zamani shi ne wanda ya san lambar kowane fanni, ya iya rubuta katin littafi ba kuskure, ya kuma san kantar da zai nuna wa mai nema.

A shekarun 1990 aka shigo da manhajar TINLIB jami'o'in tarayya ƙarƙashin wani shiri na Bankin Duniya, sai masu bincike suka koma tambayar wa ya iya kwamfuta. Da manhajoji na kyauta irin su Koha da DSpace suka bazu, aka shiga zancen rumbun adana ayyukan jami'a da mujallun intanet. Rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona ya kawo rubuce-rubuce kan yi wa mai karatu hidima daga nesa. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022 kuwa, da wuya a yi taron ƙungiyar ma'aikatan laburare ba a ji maƙala kan ƙirƙirarriyar basira ba.

Abin da ke tura binciken

Sauyin fasaha dalili ne, amma ba shi kaɗai ba. Na farko cikin sauran shi ne aro. Ƙungiyar laburare ta Amurka ta fitar da jerin ƙwarewar da take so a samu wurin ma'aikaci a 2009, ta sabunta shi a 2023, ƙungiyar duniya ta IFLA ma ta fitar da ƙa'idojin horarwa a 2022. Mai bincike a nan yakan ɗauko irin wannan jeri ya mayar da shi takardar tambayoyi, domin ya fi sauƙi, kuma mai duba aikinsa ba zai yi masa gardama ba.

Na biyu ƙarin girma ne. Ma'aikacin laburaren jami'a yana cikin sahun malamai, ba ya hawa mataki sai da maƙalu. Binciken da ya fi saurin kammaluwa shi ne a raba wa abokan aiki takarda, a tattara, a lissafa kashi cikin ɗari. Shi ya sa mujallu irin su Library Philosophy and Practice ta Jami'ar Nebraska suka cika da ayyukan 'yan Najeriya masu kama da juna, sunan jami'a ko shiyya kawai ke bambanta su.

Na uku kuɗi ne da tantancewa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ware kaso domin bunƙasa laburaren manyan makarantun gwamnati. Hukumomin NUC da NBTE da NCCE masu sa ido kan manyan makarantu kuma ba sa amincewa da kwas sai sun leƙa laburare sun ga littattafai na kwanan nan da sashen kwamfutoci. Inda kuɗi da sa ido suka taru, nan bincike ke taruwa. Laburaren jama'a da na makarantun sakandare, da ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, sun zama 'yan rakiya.

Ribar da aka samu

Ba za a raina amfanin wannan aiki ba. Ya tilasta wa sassan horarwa sabunta darussansu, kuma sabon tsarin manhajar jami'o'i da NUC ta ƙaddamar a Disamba 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ya ƙarfafa hujjar cewa aikin laburare sana'a ce mai rajista, abin da aka kafa hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta LRCN dominsa a 1995, ba wurin ajiye ma'aikacin da aka rasa inda za a kai shi ba. Ya kuma nanata matsalolin wutar lantarki da tsadar intanet da ƙarancin horo har shugabannin makarantu suka daina cewa ba su sani ba.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko tana cikin ma'aunin kansa. Takardar takan ce: yaya ƙwarewarka wajen binciko bayani a rumbunan intanet? Sai a ba ka zaɓi huɗu, daga na iya sosai zuwa ban iya ba. Mutumin da ya san shugabansa na iya ganin sakamakon, wanne zai zaɓa? Abin da ake aunawa ra'ayin ma'aikaci ne game da kansa. Gani ya kori ji, amma ba kasafai mai bincike kan zauna gefen teburin ya ga yadda ake yi da ɗalibin da ya zo da wayarsa yana neman abin da zai rubuta kundinsa na kammalawa ba, ko ya bi ɗalibin waje ya ji ko bukatarsa ta biya.

Ta biyu ita ce abin da jerin aro bai ƙunsa ba, kuma a nan Daura ke da abin cewa. Tarihin sarautar garin yana cikin Girgam, wanda H. R. Palmer ya sanya fassararsa a Sudanese Memoirs a 1928, M. G. Smith kuma ya wallafa The Affairs of Daura a 1978. Bayan waɗannan akwai takardun Larabci da ajami a gidajen malamai da na alƙalai, a cikin birni da ƙasashen Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa. Irin wannan littafi ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne a cikin gafaka, sau da yawa babu lambar shafi, sai kalma ɗaya da marubuci ya ajiye a ƙasan warƙa, wadda da ita warƙa ta gaba za ta fara. Idan suka hargitse, wanda bai iya karanta rubutun ba ba zai iya mayar da su daidai ba, ko da na'urar ɗaukar hotonsa ta fi ta kowa. Gara da laimar damina ba sa jira. Iya karanta ajami, da gane hannun marubuci, da sanin yadda za a shiga zauren malami a nemi izininsa cikin ladabi, duk ƙwarewar ma'aikacin laburare ce. Gidan Arewa da ke Kaduna da Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato sun daɗe suna wannan aiki, amma da wuya a gan shi cikin jerin da ake auna ma'aikata da shi.

Sababbin makarantun ma bukatarsu ta musamman ce. Ɗalibin injiniyan jirgin ƙasa ko na gine-gine yana neman ƙa'idojin aiki da zane-zane da rahotannin fasaha, waɗanda yawancinsu sai da lasisi mai tsada. Wanda zai yi masa hidima dole ya iya cinikin lasisi, ya san abin da ake samu kyauta, ya fahimci sassaucin da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta yi wa laburare da makafi, ya kuma kiyaye bayanan masu karatu kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. Dole kuma ya iya aiki da abin da ke hannu: ya san ƙarfin batirin sola, ya sauke littattafai ya ajiye su a kwamfutar cikin gida domin a karanta ranar da intanet ya ɗauke.

Sai sauran jama'a. Manomi da ɗan kasuwar Mai'aduwa da matar aure mai karanta littattafan Hausa ba su cikin lissafin binciken da ya tsaya a harabar jami'a. Hidimarsu na bukatar wanda zai iya mayar da bayani zuwa Hausa mai sauƙi, ya aika ta saƙon murya ko ta rediyo, ya kuma taimaka musu su rarrabe labarin gaskiya da na ƙarya a WhatsApp.

Abin yi

Gyaran ba ya bukatar sabon gini. Sassan ilimin laburare na Jami'ar Umaru Musa Yar'aduwa da Bayero da Zariya na iya tura ɗaliban babban digiri su yi bincike na zama da lura a laburaren Daura, su fara da mai karatu kafin ma'aikaci. Kashi 30 ɗin da NUC ta bari zai ɗauki darasin ajami da adana tsofaffin takardu, kuma ɗaliban da suka taso ta makarantun allo da Islamiyya sun riga sun yi rabin tafiyar. Masu ɗaukar aiki a sababbin makarantun su jarraba mai nema a gaban kwamfuta da gaban kanta, kada su tsaya ga takardar shaida. Masarauta kuma, da yake ita ce masu takardun suka fi amincewa da ita, tana iya jagorantar ƙidayar abin da ke gidajen, a ɗauki hotonsa, asalin ya ci gaba da zama hannun masu shi. Sababbin makarantun Daura suna cikin shekarunsu na farko, kuma waɗanda aka ɗauka yanzu su ne za su riƙe laburarensu shekaru talatin masu zuwa, don haka yanzu ne gyara ma'aunin zai fi araha.